Wakilin AI yana kiran kayan aikin da ba shi ba: ta yaya ake gane bayani ya yi kyau?

Habu_Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Baffana dillalin hatsi ne a Tudun Hatsi, kuma yanzu yawancin cinikinsa ta WhatsApp yake shigowa: masu lodi zuwa Kudu, masu kiwon kaji na nan cikin gari, da ƙananan 'yan kasuwa daga wajen Kumo da Bajoga. Da kaka saƙonni kan yi masa yawa, har wani ya kwana ba a amsa masa ba, ya tafi wani sito. Shi ne na haɗa masa wakilin AI da zai riƙa karanta saƙo yana aikatawa. Ba hira kawai yake yi ba, na ba shi kayan aiki guda shida da zai iya kira: duba_farashi, duba_kaya, rike_kaya, rubuta_ciniki, rubuta_bashi da aika_rasit. Na bi tsarin MCP, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024, inda kowane kayan aiki yake da suna, da bayani, da guraben da za a cike cikin JSON, wato tsarin rubuta bayanai da kwamfuta take karantawa.

Ga wanda bai taɓa yi ba, samfurin AI ba ya ganin kod ɗin da ke cikin kayan aikin. Sunan da bayanin da guraben kaɗai ake miƙa masa, da su yake yanke wanda zai kira da abin da zai zuba a ciki.

Da Turanci na rubuta bayanan, amma ga abin da biyu daga ciki suke cewa. Na rike_kaya: "Yana riƙe wa mai saye kaya a sito." Na rubuta_ciniki: "Yana rubuta cinikin kaya a littafi."

Ga abin da yake faruwa. Wani ya rubuto, "Alhaji a ajiye min fara goma gobe direba zai zo." Wakilin ya kira rubuta_ciniki, ya cire buhu goma daga lissafin sito, ya aika wa mutumin rasit, alhali ko sisi bai shigo ba. Wata rana kusan irin wannan saƙon ya zo daga wani, sai ya kira rike_kaya, wanda shi ne daidai. Wanda ya fi ɓata wa Baffa rai shi ne da aka tambaya "masara nawa yau", wakilin ya kira duba_kaya ya faɗa wa mutumin adadin buhunan da ke cikin sito. Duk wanda ya san kasuwa ya san ba a faɗa wa mai saye yawan kayanka, domin da ya ji sito a cike yake, tayin da zai yi daban ne.

Abin da nake yi yanzu shi ne in gyara bayanin, in tura 'yan saƙonni da kaina in gani. In ya yi daidai in bar shi. Amma sai a gyara nan, can ya ɓalle, kuma ba na sani sai Baffa ya kira ni. Mutuncin dattijon nan a kasuwa ya fi min manhajar da na rubuta, ba na son a ce sitonsa yana ba da rasit ɗin ƙarya.

To tambayata: akwai hanyar da ake auna bayani a san ya yi ko bai yi ba, kafin a sake shi kan mutane? Dogo ya fi ko gajere? In mayar da su Hausa tunda saƙonnin da Hausa suke zuwa? Ko kuwa samfurin ne zan canza gaba ɗaya? Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Sadiq, Yelwa, Bauchi

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka canza samfuri tukuna, domin ba ka da abin da zai nuna maka ko sabon ya fi tsohon.

Ba za ka iya auna bayani da karanta shi ba. Kai ka san sito, ka san kod ɗin, don haka idan ka karanta "yana riƙe wa mai saye kaya" kanka yana cike sauran da kansa. Ka ɗauka sabon yaron shago ne aka kawo yau da safe, bai taɓa shiga Tudun Hatsi ba, aka miƙa masa takarda mai layi shida aka ce ya amsa wa kwastomomi, kuma ba shi da wanda zai tambaya. Abin da ke kan takardar shi ne iyakar saninsa. Saboda haka gwaji mafi arha shi ne ka ba wani abokinka da bai san hatsi ba bayanan nan shida tare da 'yan saƙonni, ka ce ya faɗi wanne zai kira. Inda ya tsaya yana tunani, nan ne ramin yake.

Amma ainihin aikin shi ne jerin gwaji. Ka karɓi wayar Baffa da izininsa, ka kwaso saƙonnin da mutane suka rubuto da gaske, kamar ɗari ko fiye. Ka bar su yadda suke, da kurakuran rubutu, da rashin ƙugiya a kan haruffa, da wanda ya gauraya Hausa da Turanci, da na mutanen Kudu masu rubuta Turancin kasuwa. Kada ka ƙirƙiro su da kanka, domin in kai ka rubuta, da kalmomin da ke cikin bayaninka za ka rubuta ba tare da ka lura ba, sai gwajin ya yi ta nuna maka komai lafiya. Gefen kowane saƙo ka rubuta abin da ya kamata ya faru: kayan aikin da za a kira da abin da za a sa a gurabe, ko kuma a yi tambaya, ko kada a kira komai. Sannan ka haɗa kayan aiki na bogi masu irin sunan da bayanin amma ba sa taɓa littafin gaske, ka zuba saƙonnin ta ciki da 'yar gajeriyar manhaja ta Python.

Wajen ƙirga sakamako kada ka dunƙule shi lamba ɗaya. Zaɓen kayan aikin da ya dace abu ne daban, cike gurabe daidai abu ne daban. Wakili yana iya kiran rike_kaya daidai ya sa buhu ɗaya maimakon goma. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ya iya kame hannunsa. Cikin saƙonnin Baffa za ka tarar da gaisuwa, da ta'aziyya, da mai tambayar ko Alhaji ya dawo daga masallaci, da mai neman taki wanda ba ku sayarwa. Duk ka sa su. Tun da OpenAI suka fito da wannan tsari na kiran kayan aiki a watan Yunin 2023 ake fama da samfurin da in ka ba shi kayan aiki sai ya nemi dalilin amfani da su. Shi ya sa a ma'aunin da masu bincike na jami'ar Berkeley suka kafa, wanda ake kira BFCL, akwai sashe na musamman inda babu ko ɗaya daga kayan aikin da ya dace da tambayar, ana duba ko samfurin zai haƙura.

Sai ka zana tebur: a gefe kayan aikin da ya kamata a kira, a sama wanda aka kira. Ina da yaƙinin za ka ga kurakuranka ba a warwatse suke ba, sun taru ne a gida biyu, tsakanin rike_kaya da rubuta_ciniki, da tsakanin duba_farashi da duba_kaya. Wannan ne ya sa nake cewa ba a auna bayani shi kaɗai. Kowane ɗaya daga cikin biyun da ka kawo gaskiya ya faɗa, laifinsu shi ne babu wanda ya faɗi inda iyakarsa da maƙwabcinsa take. Bayani mai amfani yana faɗin abin da kayan aikin yake yi, da lokacin da za a kira shi, da lokacin da ba za a kira shi ba har da sunan wanda za a kira a madadinsa, da abin da yake canzawa a littafi. A takardun koyarwarsu Anthropic sun ba da shawarar a yi aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane kayan aiki, naka kuwa jimla ɗaya ce.

Batun Hausa ko Turanci, ba ni da amsar da zan ba ka daga kaina, kuma duk wanda ya ba ka ba tare da ya gwada a kan saƙonninka ba, hasashe yake. Ka rubuta iri uku: Turanci zalla, Hausa zalla, da Turanci mai ɗauke da misalan maganganun kwastomomi da Hausa. Ka bi da kowanne ta jerin gwajin. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Malama_Rukayya, Tudun Wada, Gombe

Injiniya ya gama magana a kan ginin gwajin. Ni ƙididdiga nake koyarwa, don haka bari in ƙara abin da ya shafi karanta sakamakon, domin nan ma ana faɗawa rami.

Habu, ka ce saƙo kusan iri ɗaya ya zo, rana ɗaya wakilin ya yi daidai, wata rana ya kauce. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Samfuran nan ba sa ba da amsa ɗaya kullum, ko da saƙon bai canza ko harafi ɗaya ba. Idan ka bi da kowane saƙo sau ɗaya tak, sa'a kake aunawa tare da bayanin. Ka maimaita kowanne sau biyar ko fiye, ka ware waɗanda aka ci a duk zagayen daga waɗanda aka ci wani lokaci. Saƙon da ake ci sau uku cikin biyar shi ne ya fi nuna maka bayanin da ke da harshen damo.

A 2024 kamfanin Sierra ya fitar da wani ma'auni mai suna tau-bench, inda wakili yake hidimar kwastoma a kantin intanet da kamfanin jirgin sama na gwaji. Abu biyu suka yi da ya kamata ka ara. Na farko, ba su tsaya kan kalaman wakilin ba, sun duba yadda rumbun bayanai ya kasance bayan an gama hirar, suka kwatanta da yadda ya kamata ya kasance. A wajenka wannan yana nufin ka duba littafi: buhu nawa ya rage a sito, an rubuta wa wa bashi, rasit ya fita ko bai fita ba. Wakili yana iya yin magana mai daɗi ya bar littafi a hargitse. Na biyu, sun auna ko zai ci aiki ɗaya sau da yawa a jere. Sun ruwaito cewa samfurin GPT-4o na OpenAI bai kai rabin ayyukan ba, kuma a ɓangaren kanti, cin aiki ɗaya sau takwas a jere bai kai kashi 25 cikin ɗari ba. Lissafin ma da kanka za ka iya yi: idan damar yin daidai kashi 90 ce a kowane karo, kuma kowane karo zaman kansa yake, damar yin daidai sau takwas a jere kusan kashi 43 ce kawai. Baffa kuwa ba saƙo takwas yake samu a rana ba.

Kuma ka raba saƙonnin kashi biyu tun farko. Kashi ɗaya ka yi ta gyara da shi, ɗayan ka rufe shi kada ka buɗe sai ka ga kamar ka gama. In ba haka ba za ka wayi gari ka cusa amsoshin jarrabawar cikin bayanin, ya ci naka ya faɗi a kasuwa. Ka kuma yi hattara da ƙaramin bambanci. A saƙo 50, tashi daga 41 zuwa 43 ba hujja ba ce cewa sabon bayanin ya fi.

Kurakurai ma ba nauyinsu ɗaya ba. Wakili ya yi tambayar da ba ta zama dole ba, mai saye ya ɗan ji haushi. Wakili ya rubuta wa mutum bashin da bai ci ba, wannan rigima ce da za ta iya kaiwa gaban shugabannin kasuwa. Ka ƙirga su daban.

Sannan don Allah, kafin ka tura saƙonnin mutane zuwa sabar wani kamfani a waje don gwaji, ka goge sunaye da lambobin waya da lambobin asusu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin wannan, kuma ko babu doka amana ce.

Malam_Isa_Akawu, Tudun Hatsi

Salamu alaikum. Ni ba ɗan kwamfuta ba ne, ɗana ne ya nuna min wannan magana ya ce ta shafi aikina. Ni nake riƙe littafi a wani sito a nan kasuwar, tun ana rubuta komai da biro.

Habu ɗana, Injiniya ya ce ka rubuta gefen kowane saƙo abin da ya kamata ya faru. To wa zai rubuta? In kai ne, a yi haƙuri, za a samu gyara. Saƙon nan da ka kawo, ka ce rike_kaya ne daidai. Ni da na karanta shi ban yanke haka ba.

"A ajiye min" a nan kasuwa hawa uku ne. Akwai wanda yake nufin a dakata masa zuwa gobe, bai ba da komai ba, kuma idan gobe ta yi bai zo ba ko farashi ya motsa, babu alkawari a kan kowa. Akwai wanda ya ba da kafin alƙalami, wannan kaya sun zama nasa a kan farashin da aka yi, ko kasuwa ta tashi ba za a sayar wa wani ba, ciko kawai ake jira. Akwai kuma wanda hatsinsa ne na kansa ya saya da kaka, yake so a ajiye masa a sito sai bazara ko damina idan kaya sun yi daraja, ana karɓar kuɗin ajiya a kan kowane buhu. Wannan na ukun ban ga inda na'urarka za ta rubuta shi ba cikin abubuwa shidan da ka lissafa. Idan ya zo mata dole ta cusa shi inda ba wurinsa ba.

"Fara goma" kuma, farar masara ko farar dawa? Ni idan na ga sunan mai saƙon na sani, domin na san mai kaji ne ko mai kai wa kamfani. Na'urarka ta san shi? Haka nan akwai mutumin da ya shekara ashirin yana ciniki da Alhaji, idan ya ce a ajiye, an gama ciniki, ana iya fara ɗinke buhu a kira 'yan dako. Baƙon da aka samu lambarsa jiya kuwa ko ya rantse sai an ga alat. Kalma ɗaya ce, hukunci biyu.

Ka kuma lura da kuɗi. Ba wanda yake rubuta dubu a nan. Idan mutum ya ce "na saya a arba'in da biyar", dubu arba'in da biyar yake nufi. Farashin safe kuma ba lallai ya kai la'asar ba, idan motoci suka shigo da yawa ko suka ƙi shigowa. Na mai ɗaukar tirela daban, na mai buhu biyu daban, kuma akwai la'ada a tsakani.

Shawarata, ka zauna da Baffanka ko mai riƙe masa littafi, su faɗi hukuncin kowane saƙo, kai ka rubuta. Ka tambaye su daban-daban. Duk saƙon da su biyun suka saɓa a kansa, kada ka ɗora wa na'ura laifi, abin da ya dace a nan shi ne ta tambayi mai saye ko ta miƙa wa Alhaji.

Habu_Jekadafari, Gombe

Na gode ƙwarai Hamma Sadiq, na gode Malama. Baba Isa, Allah ya ƙara girma, maganar ajiya hawa uku ta buɗe min ido. Na kai wa Baffa, ya ce haka yake, har ya ƙara da cewa mai kafin alƙalami ma ana sa masa wa'adi.

Mun zauna da shi da yaron da ke riƙe masa littafi mun bi saƙonnin. Na goge sunaye da lambobi kamar yadda Malama ta ce, na ware kashin da ba zan taɓa ba. Teburin ya fito kamar yadda Hamma ya faɗa. Na ƙara kayan aiki na bakwai, karbi_ajiya, don masu kawo hatsinsu. Ga yadda bayanin rike_kaya ya koma:

"Yana dakatar da buhunan da mai saye ya nema na ɗan lokaci, ba tare da an sayar ba. A kira shi idan mai saye ya ce a ajiye masa, a riƙe masa ko a dakata masa, kuma babu shaidar biya. Ba ya cire kaya daga lissafin sito, ba ya tsayar da farashi, kuma ba a aika rasit bayansa. Idan an biya duka ko an ba da kafin alƙalami, a kira rubuta_ciniki. Idan hatsin na mai saƙon ne yake so a adana masa, a kira karbi_ajiya. Idan ba a fayyace irin hatsin ba, misali an ce fara kawai, a tambaya kafin a kira."

A kashin da nake gyara da shi, rikicewar da ke tsakanin riƙewa da ciniki ta ragu sosai, kuma wanda ya haɗa Turanci da misalan Hausa ne yake gaba, ko da yake tazarar ba ta kai in rantse a kanta ba. Amma wata sabuwa ta fito: yanzu ya cika tambaya. Mutum ya rubuta "farar masara buhu 20" ɓaro-ɓaro, ya sake tambayarsa wace iri. Ina zargin jimlar ƙarshe ce ta yi masa nauyi, zan gwada cire ta ita kaɗai in gani. Kuma har yanzu lokaci-lokaci yana fallasa adadin kayan sito, duk da na rubuta masa kada ya yi.

Wani abin da ke damuna shi ne tsawo. Bayanan nan duka ana tura su ne tare da kowane saƙo, kuma da dala ake biya. Idan na zuba duk abin da Baba Isa ya faɗa a ciki, kowane bayani zai zama shafi guda. A ina ake tsayawa?

Mubarak_Wunti, Bauchi

Malam Habu, ka tsaya a inda kod zai iya ɗaukar nauyin. A nan na ɗan saɓa da yadda zancen yake tafiya, domin an mai da hankali kan gyaran kalmomi, alhali rabin matsalolinka ba na kalmomi ba ne.

Ɗauki duba_kaya. Muddin yana mayar wa wakilin da adadin buhunan sito, wata rana sai ya faɗa, ko da manyan baƙaƙe ka rubuta hanin. Ka canza kayan aikin: ya karɓi irin hatsi da adadin da ake nema, ya mayar da "akwai" ko "babu" kawai. Abin da wakili bai gani ba ba zai fallasa ba. Haka rubuta_ciniki, ka sa gurbin lambar shaidar biya ya zama dole, kod ɗin ya duba ta, in babu ya ƙi. Ga tsofaffin kwastomomin da Baba Isa ya ambata, ka sa alama a rumbun bayanai, ko kuma saƙo ya je wayar Baffa ya danna amincewa. Gurbin irin hatsi kada ya zama fili da za a rubuta komai, ka ba shi zaɓi ƙididdigaggu: farar masara, jar masara, farar dawa, kaura, gero, wake, waken suya. Da haka "fara" ba ta da inda za ta shiga sai an fayyace, kuma kana iya sauke jimlar nan da ta sa shi yawan tambaya.

Su kansu Anthropic sun ba da labarin irin wannan a wani rubutu da suka fitar a Disamban 2024. Wakilinsu mai gyaran kod yana ta kuskuren adireshin fayil idan ya koma wata folda daban da wadda ya fara aiki a ciki, sai suka sa kayan aikin ya daina karɓar komai sai cikakken adireshi, kuskuren ya kau. Sun ce lokacin da suka kashe kan kayan aikin ya fi wanda suka kashe kan babban umarnin.

Sunan gurbi ma bayani ne. In ka rubuta "adadi" kawai, buhu ne ko kuɗi? In kuɗi ne, naira ko kobo? Wannan ba wasa ba ne ranar da za ka haɗa da hanyar biya, domin irin su Paystack da kobo suke karɓar adadi, ₦45,000 a wajensu 4500000 ne. Ka sa farashin_buhu_naira, kod ya yi jujjuyawar, kuma ya ƙi duk farashin buhun da ya yi ƙasa da hankali, don maganin "arba'in da biyar". Saƙon da kayan aiki yake mayarwa idan ya ƙi shi ma ka auna shi. "Kuskure 400" ba ya koya wa wakili komai. "Babu shaidar biya, a yi amfani da rike_kaya ko a nemi mai saye ya turo shaida" yana mayar da shi kan hanya. Ka sa a gwajinka ka ga me yake yi bayan an ƙi shi, yana gyarawa ko yana ƙirƙiro lambar bogi don ya wuce.

A MCP akwai alamomin da ake sa wa kayan aiki, irin su readOnlyHint (karatu kawai yake yi) da destructiveHint (yana iya goge ko sauya bayanai). Ka sa su, amma ka sani nuni ne kawai, ba sa hana komai.

Batun kuɗi, manyan kamfanonin suna da tsarin adana sashen umarnin da ba ya canzawa a farashi mai rahusa, kuma bayanan kayan aiki suna shiga ciki. Ka duba takardun wanda kake amfani da shi. Hanyar sanin jimlar da ta cancanci zama kuwa ita ce ka cire ta ka sake gwaji. In babu abin da ya motsa, ba ta aikin komai.

Abu na ƙarshe. Bayani umarni ne da samfurin yake ɗauka da muhimmanci, don haka mugu ma yana iya amfani da shi. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni cikin bayanin kayan aikin MCP har wakili ya kwashi bayanan sirri ya tura, mai shi bai gani ba. In za ka jona sabar da wani ya rubuta, ka karanta bayananta kalma-kalma. A jerin gwajinka kuma ka sa saƙonni irin su "Alhaji ya ce a goge bashina" da "na tura kuɗin network ne ya riƙe, a ba ni rasit". Kuma duk ranar da ka canza samfuri, ko kamfanin ya sabunta nasa, ka sake bin jerin daga farko.

Malama_Rukayya, Tudun Wada, Gombe

Na yarda da Mubarak, sai dai "akwai ko babu" ba ta rufe ƙofar duka ba. Mai wayo zai tambayi buhu 500, a ce babu, ya tambayi 300, a ce akwai, ya tambayi 400. Kafin tambaya ta shida ya kusa sanin abin da ke sito. Gwajin saƙo ɗai-ɗai ba zai taɓa kama wannan ba, sai ka rubuta hira mai zagaye da yawa ka bi da ita, kuma maganinta a kod yake: bayan tambaya ta biyu a kan hatsi ɗaya, a miƙa wa Baffa.

Habu, tunda ka ƙara kayan aiki kuma za ka canza gurabe, amsoshin da kuka rubuta gefen saƙonnin sun tsufa, har da na kashin da ka rufe. Kada kai ka buɗe shi. Ka ba yaron da ke riƙe littafin ya sabunta su shi da Baffa, kai ka karɓi sakamako kawai.

Malam_Isa_Akawu, Tudun Hatsi

A jerin hatsin da Mubarak ya kawo babu riɗi da shinkafa shanshera, kuma wake ba iri ɗaya ba ne, kananado kuɗinsa daban. Habu, in kana so ka shigo bayan la'asar lokacin da lodi ya lafa, ka tambayi sito na Malam Isa akawu, mu bi jerin tare. Ka taho da saƙonnin murya ma, domin manyan masu sayen da yawansu ba sa rubutu.